Keken Mai Awon Ruwa

Na bar Girbidik ana sallame Asuba,
a kan keken da Baba ya bari.
Sirdinsa ɗaure da tsumma da roba,
ƙararrawarsa ta daɗe da yin shiru.

Hanyar na bisa gadon madatsa,
siririya kamar tsagar kitso.
Dama da ni tafkin Maga, bai farka ba tukuna.
Hagu da ni shinkafa har inda ido ya gaji,
magudanai sun ratsa ta miƙe sambal,
kowace da tata balbelar a tsaye
kamar an ba ta gadi.

Shekara ashirin da shida Baba na bin nan,
littafi a aljihu, fensir a bayan kunne.
Ilu Mai-awo.
Wasu na karanta allo, wasu jarida,
shi ruwa yake karantawa.

Mata sun wuce ni da kwalla a ka, a ƙasa suke,
suna dariyar yadda nake haki.
Wata dorina ta fito da hanci,
ta yi tsaki, ta koma.

A babbar ƙofar ruwa na sauka.
Ga dabaran ƙarfen nan da mutum biyu ke murɗawa,
tsatsa ta ci shi, hannuwa sun goge bakinsa fes.
Ga sandar awo tsaye cikin ruwa har ƙugu,
jan fentin lambobinta ya koɗe.
Sama da lamba ta ƙarshe akwai tsaga a siminti:
da wuƙa Baba ya yi ta
shekarar da ruwa ya wuce lissafi,
muka kwana goma sha ɗaya a kan tudun nan
da awaki, da tabarmi, da tsohuwar da ta ƙi barin turminta.

Bayan tsohon injin casar shinkafa
sarƙa ta tsinke.
To. Ya ɗauki ubana shekaru,
yau ni zan ja shi.

Tafiyar ƙafa ta nuna mini abin da feda ta ɓoye:
sawun zalɓe a laka,
komar da aka shanya kan ƙaya,
yara tsirara suna faɗawa magudana daga kan gada,
tsulum, tsulum,
ɗaya na tsoro, ana yi masa ihu.

Ƙarƙashin wata giginya mai suyar karfasa ta ɗago.
Ba ni ta duba ba, keken ta duba.
"Na Ilu ne wannan."
Na ce ɗansa ne.
Ta juya kifi, ta juya wani, ba ta ce komai ba.
Can ta ce sunanta Amsiya,
duk Talata nan yake karyawa in zai shiga kasuwar Pus.
"Ran nan ba ni da canji,
ya ce in riƙe dala sittin na mako mai zuwa."
Ta naɗe biyu a takarda, ta barbaɗa yaji.
"Shekara bakwai kuɗin nan na ƙona mini zani. Ungo."

Na ci a tsaye.
Yajin ne ya sa ni hawaye, na gaya mata.
Ta ce haka yajinta yake.

Da hantsi ya dubi ludayi na isa Pus.
Ɗakunan Musgum na dā suna nan,
laka zalla, ba azara, ba ginshiƙi,
tsaye kamar ƙwai da aka kafa a ƙasa,
jikinsu duk matakala,
ruwan sama ya bi ya sauka, mai yaɓe ya bi ya hau.
Gaba kaɗan Logon ne, faɗi-faɗi,
kwale-kwale na kai albasa Chadi,
yana dawo da babur da mutum tara.

A bakin gaɓa akwai wata sandar awo.
Na ciro littafin Baba.
Shafin ƙarshe ya rubuta kwanan wata,
bai cike lamba ba.
Na tsuguna, na jira igiyar ruwa ta lafa,
na lashi bakin fensir yadda yake yi,
na rubuta: mita biyu da arba'in.

Sai na tashi neman mai gyaran sarƙa.